DASA NA'URA A JIKIN ƊAN ADAM: INA MAGANI, INA ƁARNA?

Matanin laccar da aka gabatar a Ƙofar Kwaya, Katsina, tsakanin Magariba da Isha'i.

 

Ya 'yan uwa Musulmi, tambayoyi sun yawaita gare mu game da 'yar na'urar nan da ake dasawa a jikin mutum. Wasu na cewa alamar Dujal ce, wasu na cewa tatsuniya ce. To wajibi ne mu san abu kafin mu yanke masa hukunci.

Da farko, abin gaskiya ne. A 1958 likitoci a ƙasar Suwidin suka dasa wa Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya, ya kuma rayu har 2001. A 1998 Farfesa Kevin Warwick na Ingila ya sa aka dasa masa wata a hannu, ƙofofi suka riƙa buɗe masa da kansu. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wata a ƙwaƙwalwar wani saurayi da gaɓoɓinsa suka shanye, ya riƙa sarrafa kwamfuta da tunaninsa.

To mene ne hukunci? Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin sahabi Arfaja bin As'ad a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, alhali kuwa zinariya haramun ce ga maza. Daga nan malamai suka fahimci cewa mayar da gaɓar da ta lalace magani ne. Saboda haka ɗan uwan da likita ya ce sai an dasa masa na'urar zuciya, ko yaron da za a dasa wa ta kunne domin ya ji, kada wani ya tsorata su. Amma huda lafiyayyen jiki domin yayi ko burgewa, wannan muna tsoron ya faɗa cikin canza halittar da aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta jingina ga Shaiɗan, domin jiki amana ne.

Sai kuma batun allurar rigakafi. Da rigakafin korona ya iso Nijeriya a Maris 2021, an baza cewa akwai na'urar bin sawu a cikinsa. Wannan ƙarya ce. Wadda ake dasawa a hannu girmanta kamar ƙwayar shinkafa ne, ba ta ratsa allurar rigakafi, ba ta da batir, ba a kuma karanta ta sai an matso da na'urar karantawa dab da fata. Wayar da ke aljihunka ita ce ke faɗin inda kake, da kuɗinka kuma ka saye ta.

Ba mu ce tsoron jama'a ba shi da tushe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya shafi yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Amma ku tuna abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003: cutar ta sake bazuwa har Yaman da Indunusiya, mafi yawan yaran da suka gurgunce kuwa 'ya'yan Musulmi ne. Shi ya sa aya ta 6 a Suratul Hujurat ta wajabta mana bincike kafin aiki da labari.

Haɗarin gaskiya yana wani wuri dabam. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a gyara na'urorin zuciya kimanin 465,000 saboda an gano ana iya yi musu kutse. Kamfanin Second Sight kuma ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar gani, daga baya ya daina kula da ita, aka bar su da ita a ido. Duk wanda makullin jikinsa ke hannun ɗan kasuwa, to 'yancinsa yana hannun wani.

Don haka kiranmu uku ne. Kada a dasa wa kowa komai sai da saninsa da yardarsa, kada kuma a sharɗanta shi ga samun aiki ko karɓar albashi. Mu tura 'ya'yanmu maza da mata karatun likitanci da injiniyanci, domin mu samu amintattun da za su bincika mana. Sannan duk saƙon da ya shigo wayarka, kada ka tura sai ka tambayi masana, domin za a tambaye ka a kansa ranar Alƙiyama.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.