Mutum Huɗu da Shanyayye

Karatunmu na yau yana cikin Markus 2:1-12, inda mutum huɗu suka ɗauko wani shanyayye, suka buɗe rufin gida a Kafarnahum, suka zura shi gaban Yesu.

Mu mazauna Gwarinpa da kewayenta, su Dawaki da Life Camp, yawancinmu mun baro dangi a ƙauye. In ciwo ya kwantar da mutum a ɗakin haya, 'yan ikilisiya ne mutum huɗunsa. To, ina za mu kai shi?

Ga ɗan'uwa mai ɗauke da ƙwayar HIV. Kwana da kwanaki kansa na ciwo, ga zazzaɓi, maganarsa ta soma rikicewa, ɓarin jikinsa ya mutu, ya faɗi kamar mai farfaɗiya. Nan da nan mukan ce aljanu ne, ko jifa aka yi masa daga gida. Alhali sau da yawa wata cuta ce da likitoci ke kira toksoplasmosis. Ƙwayarta tana shiga jiki ta kashin kyanwa, da naman da bai dahu ba, da ganyen da ba a wanke ba. Takan yi shekaru a kwance. Amma in HIV ta cinye garkuwar jiki, ƙirgen CD4 ya sauka ƙasa da 100, sai ta farka ta yi ƙurji a ƙwaƙwalwa. Ta wannan ƙofa ce tarin fuka da wani irin sanƙarau ke shigowa.

Tana da magani. Akan sha na aƙalla mako 6, masu yawa kuma sukan soma farfaɗowa cikin mako 2 in an kai su da wuri. Septrin da ake ba masu raunin garkuwa kullum yana tare ta. Maganin HIV kuwa, a 2006 gwamnatin tarayya ta soma ba da shi kyauta.

Abin da ke ɓata mana rai shi ne a yi wa mutum addu'a, sa'an nan a ce ya zubar da magani don nuna bangaskiya. Allah ya riga ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa (2 Sarakuna 20:7).

Mama, Baba, in kun ga waɗannan alamu, kada ku jira sujadar Lahadi. Ku nemi mota zuwa Babban Asibitin Gwarinpa ko Asibitin Ƙasa, ku gaya wa likita gaskiyar abin da yake ɗauke da shi. Addu'ar, a yi ta cikin motar.

Bari mu sunkuyar da kai.