Dakashi da Ƙwayoyin Cutar da Ba Sa Jin Magani



Maraƙi yakan zo duniya ba shi da garkuwar jiki, domin mahaifar saniya ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa jininsa, saɓanin ta ɗan Adam. Kariyarsa tana cikin dakashi, watau nonon farko mai kauri. Hanjinsa ya fi tsotse sinadaran a awa 6 na farko. Bayan kamar awa 24 kuwa, ƙofa ta rufe.

To, ga abin mamaki. A gonakin madara na Amurka da Turai an daɗe da lura cewa kashin maraƙi ɗan mako biyu ya fi na uwarsa yawan ƙwayoyin E. coli da ba sa jin magani, ko da ba a taɓa yi masa allura ba. Sai ya girma ya kama cin ciyawa suke raguwa. A 2019 masana daga Jami'ar Kalifoniya suka nuna cewa shi kansa dakashin yana iya zama hanyar shigarsu.

Akwai dalilin zargi. A can, kimanin kwana 60 kafin saniya ta haihu, akan daina tatsar ta, a ɗura mata magani a hantsa don hana kumburi. Sauran maganin yana iya fitowa cikin dakashi. Amma da hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba batun a 2017, ta ga idan an cika kwanakin da aka ƙayyade tsakanin ɗura magani irin su fenisilin da haihuwa, dakashi ba ya ƙara matsalar. Wanda ke ƙara ta shi ne madarar saniyar da ke kan magani, wadda doka ta hana sayarwa, manomi kuma ya ji ƙyashin zubarwa ya ba maruƙa. Ɗan maganin da ke ciki yana kashe raunanan ƙwayoyi, ya bar wa masu taurin kai fili.

Don haka ni a ganina, hana maraƙi dakashi don tsoron ƙwayoyi gudun gara ne a faɗa zago.

Kada a ce wannan matsalar Turawa ce. An ƙiyasta cewa a 2019 ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya. A kasuwannin shanunmu kuma kowa na iya sayen allurar dabbobi ba tare da takardar likita ba. A yi wa saniya yau, gobe a tatse ta, maraƙi ya sha, sauran ya shiga ƙwaryar fura. Tafasawa tana kashe ƙwayoyi, amma ba ta kawar da maganin duka. Masu shanu a cikinmu, kuma na san da yawa sun fara kiwo, ku karanta jikin kwalba: an rubuta kwanakin da ba a shan nonon.