WA YA CINYE KWANAKIN DIREBA?

Jawabin da aka yi wa taron 'yan kasuwa da direbobin manyan motoci

'Yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa maza da mata, da ku direbobi da yaran mota da ku ka bar lodi ku ka zo, muna yi muku barka da zuwa. Maganarmu ta yau a kan mutumin nan ce da ya ke kai mana shanu da albasa da wake Kudu, ya ɗauko mana kaya daga Ikko, amma ran da za a raɗa wa ɗansa suna sai a gaya masa ta waya, yana zaune gindin mota a Ogere.

Babu wanda bai taɓa zuwa irin wannan suna ba a cikinmu. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro, liman ya yi addu'a, an yanka rago. Aka ce ina mai gida? Sai ƙanensa ya ce, "Yana hanya." Mu kuwa mu ce Allah ya kawo shi lafiya, mu karkaɗe riga mu watse. Mun saba da abin har ya daina damunmu. To, yau so mu ke mu zauna mu yi lissafin wannan "yana hanya," tun da ya ke lissafi sana'armu ce.

Daga Kano zuwa Ikko, in an bi ta Kaduna da Tegina da Mokwa da Jebba da Ilori da Badun, tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Dokar hanya ta ce kada tirela ko tanka ta wuce kilomita 50 cikin awa guda a kan babbar hanya, ko 60 a kan tagwayen hanya. Ku raba 1,000 da 50, awa 20 ke nan. Direba mutum ne, sai ya tsaya ya yi salla, ya ci abinci, ya runtsa. Mu ba shi kwana biyu da rabi zuwa, kwana biyu da rabi dawowa, kwana 5 ke nan. Mu ƙara masa guda na sauke kaya da ɗaukar wani, 6. Suna kuwa sai an kwana 7. Watau ko da a ce ran da ya ta da mota daga Dawanau ran nan matarsa ta sauka, kamata ya yi ya iso gida da sauran kwana guda a hannunsa, ya shiga kasuwa ya taya ragonsa da kansa.

Amma ku juya ku tambayi direban da ya ke kusa da ku kwana nawa ya yi a tafiyarsa ta baya. Wani zai ce mako biyu, wani ya ce uku. Ina sauran kwanakin su ka shiga?

Na farko hanya ta ci nata rabo. Ƙasa ce mai faɗi, amma duk kayan da ke tsakanin Arewa da Ikko ta 'yan mashigai kaɗan su ke ƙetare Kwara, manyansu kuwa Jebba da Lokoja. In ɗaya ta toshe, shi ke nan. A 2012 ruwa ya shafe hanyar Lokoja zuwa Abuja. A 2022 ya sake yi wajen Koton Karfe, motoci su ka jeru kwana da kwanaki har man fetur ya yanke a Abuja. A 2017 gadar Tatabu ta karye tsakanin Mokwa da Jebba. A watan Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa garin Mokwa, mutum fiye da 150 su ka rasu, Allah ya ji ƙansu, gada kuma ta tafi. Ruwa na Allah ne, ba mu musu. Amma gadar da ba a duba ta sai ta faɗi, da ramin da ya ke karya sifirin mota shekara da shekaru, waɗannan suna da masu su, kuma da harajinmu a ke biyansu albashi. Akwai shekarun da 'yan bindiga su ka hana bin hanyar Birnin Gwari sai da rana ko da rakiya, direba ya kwana ya yini yana jiran a taru a wuce.

Sa'an nan ga shingaye. Ba mu ce kada a duba takardu ba. Amma motar da aka duba a nan, a sake dubawa bayan tafiyar rabin awa, wannan ya yanka rasit, wancan ya ce nasa dabam ne, wani ma ba shi da ko rigar aiki sai katako mai ƙusa. Kowane shinge minti goma ne ko ashirin in an daidaita da wuri. In direba ya yi gardama, a ce ya faka gefe. Ku tara su daga Potiskum zuwa mayankar Agege ku gani ko ba su kai yini ba.

Masu ɗaukar kwantena ba su manta Apapa ba. Daga 2017 zuwa 2020 layin motoci ya kan taso daga bakin tashar jiragen ruwa ya hau kan gadoji, mutum ya yi mako ko fiye a kan layi, nan zai ci, nan zai kwana, ba wurin wanka, ba wurin kewayawa. A 2021 aka kawo tsarin kira ta na'ura wanda a ke ce wa Eto, mota ta jira a gareji sai an kira ta, abin ya yi sauƙi. Ashe dai da ma ana iya gyarawa! Haka kuma da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, motoci su ka maƙale a Jibiya da Illela, kaya na lalacewa, masu su na lissafin hasara. Jaridu sun yi ta maganar kayan. Ba mu ji an tambayi yadda iyalin direbobin su ka ci abinci ba.

Waɗannan duka na hukuma ne, kuma ba za mu gaji da faɗa ba. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari mu dawo gida.

A shekarar 2022 kuɗin man gas ya ninka fiye da sau biyu. Tun daga nan babu mai motar da zai yarda motarsa ta taso daga Ikko ba kaya, domin kuɗin man dawowa kaɗai zai cinye ribar zuwa. Saboda haka direba ya sauke tumatir a Mile 12 da asuba, sai ya koma gareji ya zauna jiran lodin komawa. Ɗan kamasho ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce mai kayan bai gama biya ba. Direba na zaune yana cin kuɗin hanyar da aka ba shi, kwanakin nan kuwa ba wanda zai biya shi su, domin yawanci da tafiya a ke biyan direba, ba da kwana ba. Ku lura da wannan da kyau, gama nan ne gizo ya ke saƙar. Duk wanda ya tsai da direba bai yi hasarar ko kwabo ba. Abin da ba shi da kuɗi kuwa, kowa ɗiba ya ke yi.

Mu 'yan kasuwa muna cikin masu ɗibar nan. Wa ya ke kiran mota ran Litinin alhali kuwa buhunansa ba za su cika ba sai Laraba? Mu ne. Wa ya ke iske kasuwa ta faɗi, ya ce a bar masa hatsin a kan mota tukuna har farashi ya ɗaga, watau ya mai da tirela rumbu, ya mai da direba mai gadi? Mu ne. Mun san wani abokin cinikinmu, ba za mu kama suna ba, wanda ya riƙe mota kwana uku a kan bambancin da bai kai kuɗin buhu biyu ba, direban kuwa yana ta roƙo, an sa ranar ɗaurin auren 'yarsa ran Asabar. Ƙanensa ne ya karɓi sadaki. Amma ran da kayan gwari ne a kan mota, tumatir ko tattasai, mu ne kuma masu buga waya kowace awa: "Kana ina? Ka taka mana!" In kayanmu na iya ruɓewa lokaci na da tsada, in ba sa ruɓewa lokaci ya zama banza.

To, me ya kan faru in an cinye wa mutum kwana huɗu, ga shi ran Juma'a a ke bukatarsa a gida? Kun sani. Zai nemi ya fanshe su a kan kwalta. Zai wuce Tafa bai tsaya ba, ya wuce Mararrabar Jos bai tsaya ba, ya cika baki da goro, ya sha shayi mai kauri, wani har ya haɗa da ƙwaya don idonsa ya bushe. Can wajen asuba, sauran kaɗan ya iso, barci ya sace shi. Gidan da aka shirya taron suna sai a yi zaman makoki. Sai ka ji ana cewa direbobi ba su da hankali, gudu ya yi musu yawa. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana tare su, tun 2017 ma ta tilasta sa na'urar rage gudu a motocin haya. Madalla. Amma wanda ya zaunar da shi kwana huɗu a gareji yana gida yana barci, ba wanda ya tare shi.

Kakanninmu fatake su kan yi watanni tsakanin Kano da Gwanja da jakuna wajen sayen goro. Amma madugu ya san lokacin tashi, ya san lokacin da ya ke son ayari ya komo, iyali ma sun sani, sun yi shiri. Direban yau yana da waya a aljihu, motarsa na cin tafiyar kwana goma ta jaki a yini ɗaya, amma matarsa ta tambaye shi yaushe zai dawo ya rasa amsa.

Kada wani ya ce haka aikin ya ke ko'ina. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sai sau biyu a mako a ke yarda ya kai 10. In ya yi awa huɗu da rabi, tilas ya huta minti 45. A mako kada ya wuce awa 56. Akwai na'ura a cikin motar da ta ke rubuta duk wannan, ba a yi mata ƙarya da sauƙi. A 2020 su ka ƙara da cewa wajibi ne kamfani ya tsara aiki yadda direba zai sami komawa gida aƙalla sau ɗaya cikin mako huɗu, babban hutun mako kuma na awa 45 ba a yinsa a cikin mota. A Amurka awa 11 ne iyaka, bayan an huta awa 10. Su ma ba don tausayi ya yi musu yawa su ka yi ba. Gawa su ka ƙirga a kan hanyoyinsu, ƙungiyoyin direbobi kuma su ka matsa.

Mu ma muna da ƙungiyoyi. Akwai NURTW ta ma'aikatan mota, akwai NARTO ta masu motoci, direbobin tanka suna da reshensu a cikin NUPENG, kowace kasuwa kuma tana da shugabanninta. Kullum a na karɓar kuɗin ƙungiya a tasha. Muna roƙonsu su zauna da shugabannin kasuwa a yanka kuɗin jira: mota in ta wuce kwana guda ba a yi mata lodi ba, ko ba a sauke ba, wanda ya tsai da ita ya biya na kowane kwana, kuma rabon direba da yaronsa ya shiga hannunsu, kada ya tsaya aljihun mai mota. Kamfanonin jiragen ruwa haka su ke yi wa duk wanda ya riƙe musu kwantena, ba kuwa wanda ya ce sun yi rashin mutunci. Ran da jira ya zama da kuɗi, za ku ga buhuna sun cika ran Litinin.

Ku kuma masu motoci, Alhazai, Allah ya ƙara arziki. Mutuwa ba ta sallama, jana'iza kuwa ba ta jiran kowa, wannan mun sani, ba mu ɗora muku ba. Amma haihuwa wata tara ta ke ba da sanarwa. Ranar aure da makonni a ke sa ta. Salla kowa ya san watanta. Direban da ya gaya muku tun da wuri, ku ba shi gajeriyar tafiya a wannan mako, Kano zuwa Gusau ko Azare, ku tura wani Ikko. Wanda ya ke da mota biyar ba zai rasa direba na shida mai karɓar canji ba. Albashinsa bai kai kuɗin kan mota guda da ta kife ba.

Direbobi, saura ku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku faɗa tun kafin a ɗaura tamfol, a gaban shaidu, a gaban shugaban tasha in ya samu, cewa ran kaza kuna da sha'ani a gida. Kada kunya ko tsoron a ba wani motar ya sa ku yi shiru, sa'an nan ku je ku yi ta fama da sitiyari da tsakar dare. Mun kuma san akwai waɗanda ba lodi ne ya ke tsai da su a wasu mararraba ba, sun san kansu, ba sai mun tona a gaban iyayenmu mata ba. In kuwa duk da haka an makara, ku faka ku yi barci, ku buga waya a raɗa sunan. Yaron zai fi son ya tashi ya ga ubansa.

Akwai takarda a bakin ƙofa. Duk ɗan kasuwar da ya yarda zai biya kuɗin jira in ya tsai da mota fiye da kwana guda, ya rubuta sunansa da layinsa kafin ya fita, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Ranar kasuwa mai zuwa za mu kai ta wurin shugabannin tasha.