Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa na Landan: Wani Ƙato, Wani Siriri

Duk wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan zai lura cewa jirgin layin Metropolitan ɗaki ne guda, amma a na Piccadilly dogon mutum sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Abin mamaki, faɗin dogon da suke bi ɗaya ne: milimita 1,435. Ramin ne ya bambanta.

Layin farko, wato Metropolitan, wanda aka buɗe a 1863, tone titi aka yi, aka shimfiɗa dogo, aka rufe sama. Jiragen wancan lokacin da kwal suke tafiya, dole a bar wa hayaƙi mafita, don haka ramin ya fito da faɗi kuma kusa da doron ƙasa. Sai dai tonon ya tsayar da harkokin gari, ga rushe gidaje da biyan diyya.

A 1890 aka sauya dabara. Wutar lantarki ta kawar da matsalar hayaƙi, injiniyoyi suka nutsa can ƙasa suna huda yumɓu da garkuwar ƙarfe ta injiniya James Greathead. Da yake kuɗin haƙa yana hauhawa da faɗin rami, aka tsuke shi. Yawancin ramukan faɗinsu bai wuce mita uku da rabi da 'yan kai ba. Aka ƙera jirgi daidai ramin, irin na Piccadilly.

A ganina tsimin ya yi yawa. Tun 2010 manyan jiragen suka fara samun na'urar sanyaya iska, amma a layin Central fasinjoji na shan zufa duk lokacin zafi, domin ƙunƙuntaccen rami ba shi da inda zai zubar da zafin.