WAYAR HANNU DA LAFIYAR MOTA A KAN HANYA

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Beri

 

An umurce ni in yi bayani a kan amfanin wayar hannu ga matafiyi. To jama'a, kowa a nan ya sani, yau lalacewar mota a daji tsakanin Kontagora da Tegina, ga rana ta yi gora, ta wuce maganar asarar kuɗi, magana ce ta rai. Shi ya sa nake son mu san halin motarmu tun kafin ta bar tasha.

Na farko, injin yana magana, mu ne ba mu ji. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gas. Ke nan yawancin 'yan Kwatanon da muke hawa suna da ita, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura, ELM327, ba ta fi gidan ashana ba. In ka soka ta, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin su Torque ko Car Scanner, sai ka ga zafin injin da cajin batir ɓaro-ɓaro. Lafiyayyen inji yakan tsaya wajen digiri 90. In ka ga yana ta hawa ya haura 105, ka tsaya, kada kuma ka buɗe lagireto da zafinsa. Caji kuwa, in mota tana aiki, wajen bolt 14 ne. In ya sauka 12, batir kawai kake ci, dare na yi fitila za ta ba ka kunya.

Sannan wannan fitilar injin da ke kamawa a gaban direba, wadda wasunmu ke liƙe wa baƙin salatif don kada ta dame su: manhajar tana karanto dalilinta. Misali lamba P0300 tana nufin wuta na tsallake a injin, sau da yawa fulogi ne ko kwayil. Ni kaina na taɓa canza famfon mai a banza, ashe fulogi biyu ne suka mutu. Goge lambar ba gyara ba ne, a kai wa makanike ya duba.

Na biyu, sanin hanya. Taurarin GPS na Amurka, aƙalla 24, suna shawagi a nisan kilomita 20,000 da ɗoriya. Wayarka saurarensu kawai take yi, don haka ko babu sabis tana sanin inda take. Taswirar ce ke buƙatar data, sai ka sauke ta yankinmu a Google Maps tun kana gida. Amma fa taswira ba ta san gadar da ruwa ya ci jiya ba, ba ta kuma san inda babu lafiya ba. Wannan sai a bakin 'yan tasha. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, lissafin tafiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin zargi tsakanin mai mota da direba. Waya tana rubuta kilomitan da aka ci da gudun da aka yi. A zauna a duba tare, a huta da zato.

Gargaɗina biyu ne. WhatsApp yana barin ka nuna wa wani inda kake har na tsawon awa 8. Ka nuna wa mutum ɗaya amintacce a gida, kada ka watsa a zauren da ba ka san kowa da kowa ba. Kuma latsa waya kana tuƙi laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗurra, ka bar wa yaron mota ya riƙa dubawa.

Shawarata ga ƙungiya ita ce a sayi na'urar nan guda biyu a ajiye a tasha, a koya wa matasanmu biyu aiki da ita, duk motar da za ta yi doguwar tafiya a duba ta da safe.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.