So Ne Ko Mallaka? Jawabi Ga Matasa Kan Finafinan Soyayya Da Ta'addanci

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa, abin da aka ɗora mani in yi magana a kai shi ne wani nau'in finafinai da ya cika wayoyinmu, wato waɗanda ake haɗa soyayya da ta'addanci a cikinsu. Jarumin ɗan daba ne, ko shugaban 'yan fashi, ko mai taɓin hankali, sai ya ga yarinya ya ce tasa ce, ko tana so ko ba ta so. Abu ɗaya nake so mu tashi da shi a nan: waɗannan finafinai suna ɗaukar mallaka su raɗa mata suna so, kuma mu samari mu ne muka fi saurin haɗiye wannan ƙarya.

Bari mu fara da Indiya, tunda finafinansu sun daɗe a ƙasar Hausa, tun zamanin gidajen silima har zuwa yau da ake fassara su da Hausa. A 1993 Yash Chopra ya fitar da fim mai suna Darr, ma'anarsa tsoro. Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Rahul, wanda ke bin wata yarinya Kiran a ɓoye, yana buga mata waya, har ya zana sunanta da wuƙa a ƙirjinsa, yana neman kashe mijin da ta zaɓa. A ƙarshe an kashe Rahul, amma wa 'yan kallo suka riƙe a zuciya? Rahul ɗin. A 2019 kuma aka yi Kabir Singh, inda jarumin ya sanar wa ɗalibai cewa wannan yarinya tasa ce tun kafin ya ji ta bakinta, daga baya har da mari. Duk da haka fim ɗin yana cikin waɗanda suka fi kawo kuɗi a Indiya a shekarar.

Turawa ma ba a bar su a baya ba. A 2020 an yi wani fim a ƙasar Folan mai suna 365 Days, wanda ya bazu a duniya ta Netflix. Shugaban 'yan ta'adda ne na Sisili a Italiya ya sace mace, ya kulle ta, ya ba ta kwana 365 wai ta so shi. To, 'yan'uwa, mu nan da muka san zafin garkuwa da mutane, wannan me sunansa?

Yanzu ta yaya ake sa mai hankali ya tausaya wa irin wannan mutum? Dabara ce sananna. Na ɗaya, a zaɓi kyakkyawan jarumi wanda ake so. Na biyu, a ba shi tarihin wahala, kamar Rahul da aka nuna yana magana da mahaifiyarsa da ta rasu, don ka ce ai ba laifinsa ba ne. Na uku, na'urar ɗaukar hoto ta riƙa bin sa, kana ganin hawayensa, kana jin kiɗa mai sanyi, alhali tsoron da yarinyar ke kwana da shi ba a daɗe a kansa. Na huɗu, wanda ya fi muni, a wasunsu sai a sa ta amince a ƙarshe. Darasin da yaro zai ɗauka shi ne, in mace ta ce a'a, wai jan aji ne, a ƙara matsa mata.

Kada wani ya ce ai wasa ne kawai. A 2015 an gurfanar da wani ɗan Indiya a gaban kotu a Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya, bisa bin wasu mata biyu da naci da saƙonni. Lauyansa ya kare shi da cewa finafinan ƙasarsu ne suka koya masa cewa mai naci shi ke samun mace. Ita kanta Indiya a 2013 ta mai da irin wannan bibiya laifi a dokarta, Nijeriya ma ta sa shi cikin dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015.

Kuma mun ga inda hanyar ke ɓullewa. A watan Satumba na 2022, a Kano, wani ɗan ƙasar Sin ya kashe yarinyar da yake nema da wuƙa a gidan iyayenta. A gaban kotu ya yi ta lissafin dukiyar da ya ce ya kashe mata. A watan Maris na 2024 aka yanke masa hukuncin kisa. Ban ce fim ne ya sa shi ba. Abin da nake cewa, tunanin ɗaya ne: na wahala a kanki, saboda haka ke tawa ce. A fim ana rufewa da waƙa, a zahiri da makara ake rufewa.

To mene ne ma'auninmu? Ku tuna ƙissar Barira da mijinta Mugis a Madina. Da aka 'yanta ta, sai ta zaɓi rabuwa da shi. Ya riƙa bin ta yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa, har Manzon Allah (S) ya tausaya masa ya sa baki. Ta tambaya ko umurni ne, aka shaida mata ceto ne kawai, ta ce ba ta da bukatarsa, kuma aka bar ta a kan zaɓinta. Ku duba fa, mafificin halitta bai tilasta mata ba. Kai wane ne da za ka tare 'yar mutane a lungu?

Saboda haka ɗan'uwa, ka auna kanka. In kana binciken wayarta, in kana sa yara su gano maka inda ta je, in kana barazana ga duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidansu, in ka taɓa cewa in ba kai ba sai rijiya, to wannan ba kishi ba ne, cuta ce, ka nemi magani tun da wuri. Ka je wajen malami ko wani babba ka faɗa masa. Ita ba matarka ba ce, kuma ko matarka ce, amana ce a hannunka, ba akuyar da ka saya a kasuwa ba. In ka nema ta hanyar iyayenta aka ce a'a, ka yi haƙuri ka kama gabanka. Namiji shi ne wanda ya iya riƙe kansa a ranar da aka ƙi shi.

In kuma abokinka ne ka ga ya kama wannan hanya, kada ka zuga shi, kada ka raka shi. Ka riƙe hannunsa tun kafin 'yan sanda su riƙe.

Allah Ya tsare mana zukatanmu, Ya tsare ƙannenmu mata, Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.