Kirinjijiya a Bakin Kogin Isa



Jiya bayan la'asar na taka da ƙafa daga unguwar Gamkalle zuwa bakin kogi. Ban kai ga ganin komai ba sai na ji fito, siriri, sau uku a jere. Kirinjijiya ce, agwagwar daji. Garke guda sun jeru a kan yashin tsibiri, fuska fari fat kamar an shafa musu alli, wuya a miƙe, suna ƙare wa wani masunci kallo yana janye komarsa. Da rana hutawa suke. Sai duhu ya shiga su faɗa gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoye. Manomi dai ba zai yaba kyansu kamar ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Cikin ɗari kuma suna samun baƙi: ƙananan agwagi da ke ƙetaro Sahara daga Turai, su kama hanyar gida kafin zafi ya yi tsanani.

Abin da ya dame ni shi ne leda. Tun daga Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, har inda na tsaya, baƙar leda ce maƙale a ciyawar da suke kiwo. Na ƙirga agwagin har arba'in, sai wani yaro ya ɗana danƙo, suka tashi fir suka nufi unguwar Harobanda.